Malam Abdulbaqi na Zauren Alhamis

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga watan Yuni, 2005, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulbaqi mai gyaran keken ɗinki a gidansa da ke Dukawuya, bayan fama da ciwon ƙoda. An yi masa sutura bayan azahar, ana yayyafi. Ya bar matarsa, Malama 'Yardada, da 'ya'ya uku, da kuma wasu manyan mutane da ba su haɗa jini da shi ba, amma tun ranar suke jin kansu marayu. Ƙanena Ilu yana cikinsu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Malam, na san da kana raye da ka ce in taƙaita. Ka yi haƙuri, yau ba zan iya ba.

Sanin da na yi maka na gaske ya fara ne a shekarar da soja suka miƙa mulki. Ranar da aka rantsar da gwamnatin farar hula gari ya kaure da kiɗa da hon na motoci da babura. Ilu a lokacin ya haura ashirin da biyar. Tun yana ƙarami ba ya jure ƙara, ba ya son a taɓa shi ba zato, ba ya kallon idon mai yi masa magana, in abu ya dame shi sai ya yi ta rangaji yana kaɗa hannu. A unguwarmu ta Gwale wasu na cewa taɓin hankali ne, wasu na cewa iska ce. Ranar an aike shi sayen kalanzir, sai ayarin masu murna ya rutsa da shi a bakin titi. Ya toshe kunnuwa ya durƙusa yana ihu. Wani bawan Allah ya kama kafaɗarsa don ya janye shi, shi kuwa ya hankaɗe shi, mutumin ya faɗa kwata ya karye a hannu.

Kafin magariba dangi sun cika gidanmu. Aka yanke shawarar a kai Ilu wani gida a bayan gari inda ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa. Babanmu, Malam Isiyaku, ya tsufa kuma ya gaji, ya ce to. Na yi magana, na yi kuka, amma muryata ba ta rinjayi ta baffanni ba.

Washegari ka yi sallama a ƙofar gidanmu. Mu dai abin da muka sani, kai ne mai gyara wa Inna kekenta, mutumin da ba ya doguwar gaisuwa, wanda ake yi wa kallon mai girman kai don ba ya ɗaga ido. Ina bayan ƙyaure ina jin ku. Ka ce wa Baba, idonka a kan tabarma:

"Malam Isiyaku, jiya ina wurin. Ina cikin shagon tela, na cusa auduga a kunnena. Abin da ya sami ɗanka ya sha samuna. Ba hauka ba ne. Ƙarar ce take shiga kansa kamar ana buga ƙusa. In kuka ɗaure shi, mai lafiya kuka ɗaure."

Baba ya ce, "To kai wa ya yi maka magani?"

Ka ce, "Babu. Sai da na haura arba'in wani likita da nake gyara wa matarsa keke ya gaya mini sunan abin, wai otizim. Ya ce ba ciwo ba ne irin zazzaɓi da za a sha magani ya tafi, halitta ce. Ga ni nan, ina sana'ata, ina da iyali, ina sallata. Ka ba ni shi ranar Alhamis."

Baffanni suka yi ta gunaguni. Daga baya Baba ya ce a jinkirta. Jinkirin nan shi ne har yau.

Ranar Alhamis ni na raka Ilu. Ba ka yi masa tambaya ko ɗaya ba. Ka hau da shi saman soro inda kake kiwon tattabaru, ka miƙa masa ƙwaryar gero, kuka zauna kowa da gefensa har aka kira la'asar. A hanyar komawa ina ta zullumin ko an yi aikin banza, sai Ilu ya ce, "Yaya, a gidan nan ba a cewa mutum ya ɗago kai." Da wata Alhamis ta zagayo, shi ya fara sa takalmi.

Daga ku biyu zaure ya fara cika. Aka kawo Sadiƙ daga Yakasai, wanda ya yi karatu mai zurfi amma aka sallame shi daga aiki saboda ba ya iya hirar ofis kuma yana faɗa wa na gaba da shi gaskiya ba sakayawa, har ya daina fita. Wasu 'yan'uwansu ne suka kawo su, wasu labari suka ji suka zo da ƙafarsu, daga ɗan kasuwa har mahaddacin Alƙur'ani. Dokokinka ba su da yawa. Ba a tilasta wa kowa musabaha. Wanda ba ya son magana sai ya yi shiru, shirunsa ma zama ne. Wanda ya ji abin ya yi masa yawa ya tashi ya hau wurin tattabaru, ba sai ya nemi izini ba.

Ana dafa shayi, ana buga dara, ana shuka zogale da na'a-na'a a cikin tsofaffin gwangwanaye. Ranar Asabar bayan asuba kuma ku bi gefen badala da ƙafa kafin gari ya tashi. Amma abin da ya fi komai, kowa yakan faɗi abin da ya wahalar da shi a makon, sauran su faɗi yadda suke yi da irinsa. Sadiƙ ne ya koya wa Ilu shiga kasuwa da sassafe kafin ta cika. Ilu kuma ya koya wa Sadiƙ ya riƙe carbi a aljihu yana ja in taro ya matse shi. In suka juyo gare ka suna jiran hukunci, sai ka ce, "Ni ba likitanku ba ne. Na dai riga ku tsufa."

Ba kowa ne ya so abin ba. Wasu maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa cewa kana tara mahaukata kusa da 'ya'yansu. Ba ka yi musu da kowa ba, ka ce mai unguwa ya zo ya gani. Ya zo, ya zauna, ya sha shayi, Sadiƙ ya cinye shi a dara ba tare da ya rage masa komai don girmansa ba. Da zai tashi ya ce shi dai ko majalisarsa ba ta kai nan natsuwa ba. Daga nan maganar ta mutu.

Kai ne kuma ka ce ba maza kaɗai Allah Ya halitta haka ba. Malama 'Yardada ta buɗe wa mata tsakar gida, ni ma na riƙa zuwa ina taya ta. A nan na ga Aminat, wadda aka daɗe ana yawo da ita wurin masu ruƙiyya, ta zauna cikin 'yan'uwanta tana ɗinkin hula, har wata rana muka ji dariyarta daga bakin rijiya.

Ba zan ce zama da kai kullum daɗi ba ne. Na taɓa kawo maka dambu, ka ce, "Gishiri ya yi yawa. Amma na cinye, tunda kin yi tafiya da shi." Na yi fushi a ranar. Akwai kuma Alhamis ɗin da kai kanka ba ka iya saukowa, sai ka aiko a ce yau Malam ba ya iya magana, a ci gaba. Ba ka ɓoye musu gajiyarka ba, shi ya sa su ma suka daina jin kunyar tasu. A hannunka Ilu ya koyi gyaran keke, yau da guminsa yake ci. Baba ya rayu har ya ga haka.

Da ciwo ya tsananta ka ce a mai da kai gida, hayaniyar asibiti ta fi maka ciwon zafi. Mutanenka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, su zauna kusa da kai ba magana, kamar yadda ka saba yi musu.

Ranar da labari ya iso, ni ce na gaya wa Ilu. Na fara da cewa Malam ya riga mu gidan gaskiya.

Ya ce, "Ya mutu ke nan?"

Na ce, "Ya mutu."

Ya daɗe yana rangaji, ban taɓa shi ba. Can ya miƙe ya nufi ƙofa. Na ce ina za shi.

"Wurin Sadiƙ. In wani ya je zai yi masa kwana-kwana, shi kuma sai an faɗa masa kai tsaye. Kuma za su rungume shi, ba ya so."

Da ƙafa ya tafi Yakasai. Daga can su biyu suka bi gidajen sauran, suna faɗa wa kowa ta yadda zai iya ɗauka. Kafin a tayar da sallar jana'iza duk sun iso Dukawuya, suka tsaya a sahu ɗaya a bayanka, babu wanda ya rage.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Abdulbaqi. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa masa natsuwar da ya nema wa bayinKa a duniya. Ka sa abin da ya dasa ya zama sadaka mai gudana a gare shi, Ka haɗa shi da salihan bayi a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama 'Yardada da 'ya'yansa da dangi baki ɗaya, da mutanen Dukawuya, da maza da matan gidan Alhamis. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Shamsiyya Isiyaku, Gwale, Kano