Wanda Ya Fara Taɓa Baba

Wulari zuwa Dusuman

Ƙarfe biyar da kwata na asubahin Talata muka bar unguwar Wulari a Maiduguri, ni da Okoro, maƙwabcina mai shagon magani a kasuwar Gamboru. A-kori-kurarsa muka shiga, shi ke tuƙi. Tun yammacin Litinin wani direban shanu ya same ni a kara, kasuwar dabbobi, ya ce, "Modu, wuta ta faɗo daga sama a ƙauyenku da hantsi. An ce babanka na ciki." Ban san lokacin da na saki igiyar bijimin da ke hannuna ba. Na rasa mota a ranar, Okoro ne ya ce shi zai kai ni.

Baba dai ya ƙi biyo mu birni. Mu 'ya'yansa maza duk mun koma dillancin dabbobi, shi kuwa ya ce ba zai kwana inda ba ya jin kukan saniya ba. Ƙanwata Yagana ke kula da shi.

A Dusuman sojoji suka tare mu. Da na faɗi inda za mu, sai kofur ɗin ya sauke tocila ya ce, "Har nan muka ji ƙarar. Wallahi na ɗauka igwa ce, na ce an sake juyin mulki. Ku wuce, Allah ya sa ka same shi."

Mafa

Bakwai da minti goma muka iso Mafa. Okoro ya matsa mini na sha shayi. Mai shayin ya ce wani farin hayaƙi ne ya tsaga sama daga gabas, sannan ƙarar ta biyo baya, kofunansa suka zube ƙasa. "Aradu ce," in ji wani tsoho. Mai shayi ya ce, "Haba Baba, aradu da rani? Ko gajimare ɗaya babu!"

Daga nan muka bar kwalta, mil goma sha takwas cikin baƙar ƙasa mai tsage-tsage. Fiye da awa biyu muka yi. Tun saura mil uku na fara salati. Itatuwa duk sun kwanta gefe guda, tsuntsaye matattu a kan hanya. Muka gamu da wata mata da tabarma a ka, na san ta, na yi ta kwaɗa mata gaisuwa da yarenmu, "Wushe, Ya Amsa!" Kallona kawai take, tana nuna kunnenta.

Ƙauyenmu

Goma saura kwata muka shiga. Innalillahi! Garin da aka haife ni, sai da na tsaya neman ƙofar gidanmu. Rabin ɗakuna sun zube, rumbuna sun fashe, gero ya watse a ƙasa, rijiya ta rufta. Inda garken Baba yake, wani rami ne wanda zai haɗiye tirela, yana wari kamar maƙera. Bulama, mai garin, ya ce baƙin dutsen aradu ne ya faɗo daga sama, kuma sun binne mutum uku jiya.

"Baba fa?"

Ya sunkuyar da kai, ya nuna bakin ramin.

Baba na kwance a wurin tun hantsin jiya, ƙafarsa a karye, yana numfashi. An kafa masa zana don rana. Yagana na durƙushe nesa kaɗan, ta ɗaura ludayi a doguwar sanda tana ɗiga masa ruwa a baki. Babu wanda ya taɓa shi.

A wajenmu, wanda aradu ta kayar ba a taɓa shi sai an zuba masa ɗanyar madara, in ba haka ba, an ce za ta bi wanda ya taɓa har gidansa. Waɗanda gini ya danne an ciro su, don ba a kansu aradun ta faɗa ba. Baba kuwa a bakin ramin aka gan shi. Kuma garin makiyaya guda, a ce babu madara ko ɗigo! Shanun da ba su mutu ba sun bazama daji. An tura mutum biyu nema tun jiya, shiru.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Na ruga da gudu, ina isa taku uku da shi ƙafata ta tsaya cak. 'Ya'yana huɗu na tuna a Wulari. Ni da na yi makaranta, ni da nake yi wa mutanen ƙauye dariya, na juya ina tambayar Bulama ko madarar gwangwani za ta yi.

Okoro ya ture ni gefe. "Modu, kana hauka? Tsoho zai mutu!" Ya durƙusa ya sa hannu ƙarƙashin kan Baba. Mata suka sa ihu. Ya ce, "To, ta bi ni. Modu, kama ƙafa!" Sai a lokacin na kama.

Komowa

Sha ɗaya muka taso, Baba a bayan mota kan katifa, Yagana na riƙe da kansa. Ba mu tsaya ko'ina ba sai asibiti a Maiduguri, ƙarfe uku da rabi. Likita ya ce da an ƙara wuni guda, da ba wannan maganar ake ba. An ɗaure ƙafar, amma kunnensa na dama ya tafi ke nan.

Ranar Asabar ta biyu muka kawo shi gida Wulari. Da ya huta, ya kira ni ya ce, "Ina jin hannu a ƙeyata ranar, amma idona bai buɗe ba. Na ce a raina, ɗana ya zo. Kai ne ko?"

Yagana ta kau da kai. Na matsa kusa da kunnensa na hagu, na ce, "Okoro ne, Baba."

 Sai ya ce a kira masa shi.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Yagana da ludayinta. Okoro kuwa, har yau in na fara yi masa godiya sai ya ce in bar shi ya ji da masu sayen magani. Damina goma ta wuce, aradu ba ta je gidansa ba. Baba ya rayu shekara shida a ɗakina, kuma bai ƙara yi mini tambayar ba.