Ranar da Muka Ce Ba Mu San Baba Bukari Ba

Wata Laraba ce cikin watan Agusta, daminar da na cika shekara goma sha ɗaya. An kwana ana ruwa a Filingué, maza duk sun fita gona maimai tun da jijjifi, mata kuma sun bazu jeji tsinkar tafasa, unguwarmu ta rage daga tsofaffi sai yara sai awaki. Ni da ƙawata Rasmata muna zaune a gindin rumbun kakata muna carafke, ta cinye ni sau uku, ina ta lalubar hanyar da zan ce ta yi zamba, sai muka ji ƙarar babur ta tsaya a bakin lungu. Wani jandarma ne, dogo, da littafi a hammata, muna jiyo shi yana tambayar yara ina ne gidan Bukari magini. Kaka tana kan tabarma tana ɓarar gujiya. Ban taɓa sanin tsohuwar nan tana da sauri ba sai ranar. Ta miƙe, ta fizgi hannun Rasmata, ta tura ta ɗakinta bayan randa, ta ja asabari, ta dawo ta zauna ta ci gaba da ɓararta.

Bukarin da ake nema uban Rasmata ne. Daga Burkina ya zo tun ba a haife ni ba, da matarsa da ƙullin kayan gini, ya sauka a filin da ke jikin gidanmu, darni ɗaya ne tsakaninmu, shi ma darnin awaki sun cinye rabinsa har ya zama ƙofa. Ɗakin da nake kwana shi ya gina shi, haka rumbun Kaka, haka rabin shagunan bakin kasuwa. Mutum ne marar yawan magana, in ya dawo aiki da laka har gwiwar hannu sai ya tsaya ta darni ya gaida Kaka, ya ce mata Inna, ita kuma ta ce masa ɗan nan. A gidansu aka haifi Rasmata, Kaka ce ta yanke mata cibi. Tare muka koyi surfe, tare muke zuwa rijiya da gwangwanayenmu, tare muke korar tsuntsu in gero ya fid da kai, in aka zuba tuwo a gidansu hannuna na ciki, in an dama fura a namu ludayinta ya fi nawa cika. A lakwal, wato makarantar boko, benci ɗaya muke zama. Ita ce ta ɗaya a aji, ni kuwa ina can tsakiya inda ba yabo ba fallasa, kuma ba na jin kunyar cewa rabin lissafin da na ci daga allonta na leƙo shi. Burinta ta zama malamar makaranta. Har ƴan tsakinmu na gida ta sha jerawa tana koya musu ƙidaya da tsinken kaba a hannu.

Tsoron Kaka ba daga sama ya faɗo ba. Tana da ƙane da ya yi shekara da shekaru a Kurmi, ƙasashen kudu, yana fatauci, rana ɗaya aka ce baƙi su fita, ya dawo nan ƙasarmu ta Kurfai da tukunya ɗaya da tari a ƙirji, bai ƙara damina biyu ba ya rasu. Tun daga nan ta yanke wa duniya hukunci, kuma Kaka in ta yanke hukunci ko liman bai isa ya warware ba. Takan ce, "In kun ga mai kaki na biɗar baƙo, ba goro ya kawo mishi ba." Mun taso da wannan magana a kunne tare da bisimilla.

Jandarman ya tarar da gidan Baba Bukari a rufe, domin shi yana garin Bonkuku yana gina wa wani shago, matarsa kuma tana jeji tare da innata. Sai ya yi sallama a namu. Ya gaida Kaka da ladabi, da Hausarsa mai ɗanɗanon Zabarmanci, daga ji sabon zuwa ne garin. Ya tambaye ta ko ta san Bukari magini, da shekara nawa ya yi a unguwar, da yadda zamansa yake da mutane.

Kaka ba ta ɗaga kai daga gujiyarta ba ta ce, "Ba mu san shi ba, yaro."

Ya nuna gidan da baki ya ce, to wannan fa na wane ne.

Ta ce, "Baƙi na ka sabka nan su wuce, yau wanga, gobe wancan. Mu ba mu riƙon sunansu."

Ya rubuta. Sannan ya juyo gare ni, ya durƙusa har muka zama kai ɗaya, ya ce ai ƴan lakwal ba sa ƙarya, ko na san wani Bukari mai gini? Ina jin numfashin Rasmata ta bayan asabari. Bayana kuma yana jingine da rumbun da mutumin ya gina, har da shatin yatsunsa a jikin lakar. Na dube shi ido cikin ido na ce ban taɓa jin sunan ba. Ya rubuta wannan ma. Kafin ya fita daga gidanmu Kaka ta riga ta aiki ƙanena ta bayan gida, saboda haka duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa a lungun amsa ɗaya ya samu. Har makahon da ke zama a bakin masallaci ya rantse masa bai san mutumin ba, alhali Baba Bukari ne ke jansa zuwa Juma'a.

Da babur ya tafi muka fito da Rasmata, duk yanar gizo a kanta. Yinin ranar Kaka ta yi shi cikin alfahari, mata na shigowa ana maimaita labarin ana tafa hannu, ni kuma aka ba ni gujiya cike da marfin kwano saboda jarumtaka. Na ci abata ina jin ba wanda ya kai ni.

Da magariba babana ya dawo daga gona, hauya a kafaɗa. Tun bai aje ta ba Kaka ta tare shi da labari. Yana saurare fuskarsa na canzawa, daga ƙarshe ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Ya ce, "Inna, kun kashe mutumen ga."

A nan muka ji abin da ba mu sani ba. Ashe Baba Bukari ya daɗe yana neman takardar zama ɗan ƙasa. Malaminmu ne ya gaya masa cewa haihuwar Rasmata a Filingué kaɗai ba ta mai da ita ƴar Nijar ba, tunda uwa da uba duk a waje aka haife su, kuma ba mai ɗaukarta aikin koyarwa na gwamnati sai da wannan takarda. Shi ne ya shiga tara takardu, ya je garinsu ya kawo ta haihuwarsa, ya yi hotuna, ya je likita, ya yi zarya tsakanin ofis da ofis har takalminsa ya san hanya. Abu ɗaya ya rage, a aiko wani ya tambayi maƙwabta ko da gaske ya cika shekara goma a nan, kuma ko mutumin kirki ne. Babana ya sani, mai unguwa ya sani. Su biyun sun shirya abin da za su faɗa. Amma mai unguwa yana kwana a gonarsa ta nesa, babana kuma bai ga dalilin gaya wa mata maganar maza ba, shi kuwa Baba Bukari yana gudun baki, bai so a ji kafin abu ya tabbata. Har yau in na tuna sai haushin su ukun ya kama ni, domin kalma ɗaya a kunnen Kaka ta isa.

Baba Bukari ya dawo ranar Lahadi a motar ƴan kasuwa. Babana da mai unguwa suka raka shi su yi bayani, aka ce musu jandarman ya rubuta abin da ya ji, takardun kuma sun riga sun tafi Yamai, sai a jira. Aka jira. Muka yi girbi, muka ɗaure dammuna, muka koma lakwal, Rasmata ta ci jarrabawar shiga kwaleji da lamba mai kyau. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Kaka ta daina ba da labarin, kullum sai ta aika musu da ƙwaryar fura mafi girma. Sai da aka yi damina biyu amsa ta zo, cewa ba a tabbatar da zamansa a unguwar ba. In yana so ya sake daga farko, da sababbin takardu daga garinsu. A lokacin gwiwoyinsa sun fara ciwo, wansa kuma ya rasu can gida, dangi suna ta aiko masa ya koma ya riƙe iyali. Ya ce wa babana mai yiwuwa a can ne rabon yarinyar yake.

Bayan girbi suka tafi, da hantsi. An ɗaure kaya a kan amalanke za a kai tasha, sai ga Kaka ta fito da sandarta, ta ratsa ta darnin, ta durƙusa a gabansa, tsohuwar da ban taɓa ganin ta durƙusa wa kowa ba. Ta ce ya gafarta mata. Ya yi sauri ya ɗaga ta ya ce, "Inna, kin ɓoye ni awa ɗan da kinka haihwa. Mi zan gahwarta?" Ni da Rasmata muka bi amalanken a ƙasa har tasha, sai da motar ta tashi na tuna ban ce mata komai ba, na tsaya a wurin ina kuka har masu tuyar ƙosai suka kore ni gida.

Wasiƙa biyu na samu daga gare ta. A ta biyun ta ce can kuma ƴar Nijar suke ce mata, Hausarta ta fi Mosancinta, harshen iyayenta, kuma ta bar karatu tana taimakon innarta sayar da abinci. Daga nan ban ƙara jin ɗuriyarta ba. Ni ce na zama malama, ni ɗin nan mai leƙen allo. Ranar da na je karɓar tawa takardar ɗan ƙasa ba a aiki kowa unguwarmu ba, ba a tambayi kowa halina ba, an duba inda aka haifi babana aka buga hatimi.

Yanzu kowa da waya a aljihu, da a wannan zamani ne da an kira babana daga gona kafin jandarman ya sauka daga babur. Amma lungunmu ya zama katanga da ƙofar ƙarfe, in aka zo tambayar maƙwabcina na ce ban san shi ba, gaskiya na faɗa. Ina kewar mutanen da za su haɗa baki su ɓoye baƙo, duk da na ga abin da ɓoyon ya jawo. Shekara goma sha ɗaya na yi ina ce wa mutumin nan Baba, rana ɗaya na ce ban san shi ba, kuma ita ce aka rubuta.