Ashe Alkama Ce Ke Cinye Ni

Assalamu alaikum. Rabona da rubutu a shafin nan tun kafin faɗuwar damina. Masu turo saƙo kuna tambaya ko na bar tanis, ku yi haƙuri da shiruna. A lokacin ni kaina ban san amsar ba.

Yanzu na sani. Ban bari ba, alhamdu lillahi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nafi'u, mutumin Saji ta ƙasar Rano. Tanis ce sana'ata. A Kano nake atisaye, gasa kuma ta kai ni Kaduna da Abuja har Legas.

Da kumburin ciki abin ya fara, sai gudawa mai tafiya ta dawo. Sannan gajiya. Zagayen farko in buga lafiya, a na biyu ƙafafuna su yi nauyi, ina kallon ƙwallon da na saba riska tana wuce ni.

Mai kemis ya ce taifot ne. Na sha magani. Wani ya ce olsa, na sha nata.

Kocina, Malam Sabo, ya ga wando yana zame min, ya ce, "Ba ka cin abinci ne. Ka riƙa cika cikinka da taliya kafin wasa." Na bi maganarsa. Shayi da burodi da safe, gurasa da rana, taliya da yamma. Ina ƙara ci, ina ƙara ramewa.

A Kaduna na faɗi. Na cilla ƙwallo sama zan buga, sai na gan ta biyu. Farkawa na yi a gadon asibiti ana min ƙarin ruwa. Aka ce jinina ya yi ƙasa sosai. Yayana Habibu ya taso daga Rano, aka ɗebi nasa aka sa min.

Aka mayar da ni gida wajen mahaifiyata. Inna ba ta san wata taliya ba. Tuwon dawa miyar kuka, kunun gero, wake da shinkafa. Kafin wata ya ƙare na fara bin Habibu gona.

Na koma Kano da murna, ciwo ya dawo sabo. Na sake komawa gida, na sake samun sauƙi.

Inna ta ce, "Wannan ba na asibiti ba ne. A gida ka miƙe, a birni ka kwanta? Akwai wanda ba ya son ganin ka da sandar tanis ɗin nan." Kawuna na Kibiya ya aiko da rubutu da turare. Na sha, na yi hayaƙi.

Ni kuwa abin da nake tsoro daban ne, kuma ban faɗa wa kowa ba. Ciwon daji.

Habibu ne ya matsa muka je babban asibiti a Kano. Layin kati, layin awo, layin ganin likita. Likitar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Me kake ci a Saji, me kake ci a Kano?"

Ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar.

Ta ce in ci gaba da cin abin da na saba ci a Kano har a gama gwaji. Aka ɗebi jini aka tura Legas. Aka zura min siririyar roba mai kyamara ta maƙogwaro, aka gutsuro ɗan abu daga hanjina. Gwaje-gwajen da tsada, sai da Habibu ya kai ragunan da yake kiwo kasuwa.

Jiran sakamakon ya fi min ciwon wahala.

Ranar da ya fito, likitar ta ce, "Ba daji ba ne, Nafi'u. Jikinka ne ba ya shiri da alkama. Duk lokacin da ka ci, hanjinka ke ƙujewa, abinci ya wuce bai shiga jiki ba."

Na ce, "To maganin fa, Dakta?"

"Ka rabu da ita har abada. Shi ne maganin."

Na fito na zauna a kan benci, dariya na zo min, hawaye na zuba. Habibu ya dafa ni.

Da na gaya wa Malam Sabo, ya daɗe kansa a ƙasa. Ya ce, "Ni na riƙa ɗura maka ita." Na ce, "Malam, ƙarfi kake nema min." Tun daga ranar shi ke fara leƙa kwanona a wajen gasa.

Inna kuwa cewa ta yi, "Dama ina ɗan manomin dawa ina alkama?"

Ba zan ce da sauƙi ba. Fulawa tana ɓuya inda ba ka zato. Wata rana na ci ɗan wake, ashe an haɗa garin da ita, na kwana biyu ban taka fili ba. A gidan biki ana miƙo alkaki da cincin, sai in ce na gode. Yanzu in zan yi tafiya da garin dawata da dankalina nake tafiya.

Watan jiya na koma gasa. Wasana na ƙarshe ya ja har zagaye na uku, aka cinye ni da ƙyar. Na miƙa wa abokin karawata hannu ina murmushi har ya yi mamaki. Bai san ƙafafuna nake wa murna ba, don har ƙarshe suna ɗauke da ni.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna da Habibu, da Malam Sabo, da likitar da ta saurare ni, da ku masu addu'a.

Shawarata: in ciki ya daɗe yana damun ka kana ramewa, ka wuce kemis ka ga likita. Ka lura da abin da ka ci kafin ciwon ya tashi, ka faɗa masa. Kada ka yanke wa kanka abinci kafin gwaji, don sakamakon zai iya ruɗewa. Kuma ba kowa alkama ke cutarwa ba, nawa jikin ne haka.

Kai da ke kwance yanzu ba ka san me ke damun ka ba, na san wannan zaman. Allah Ya kai ka ranar da za a faɗa maka sunan ciwonka, Ya sa mai magani ne.