Mai Auna Numfashi da Carbi

Matar da ke kusa da ni a bencin ɗakin ɗaukar hoton ƙirji ta hana ni sakat. Za ta kai hamsin. Ɗankwalinta a karkace yake, da alama hannunta ba ya kaiwa ƙeya. A cinyarta akwai manyan ambulan huɗu na hotunan ƙirji, kowanne da shekararsa a rubuce. Wuyanta irin na wadda ta daɗe tana dakon kaya ne, ƙila a kasuwar Nima.

Tana jan iska ta riƙe, ta shiga jan carbi har tari ya ƙwace mata. Sai ta duba inda yatsanta ya tsaya, ta yi tsaki, ta sake. Sau biyar ke nan.

Ta kama ni ina kallonta.

"Ɗiyata, in an shiga, cewa suke a riƙe numfashi," in ji ta. "Da ciwon tsoka ya fara, likita ya ce ya taɓa huhu. Bara ina kai ashirin. Yau sha ɗaya."

"Allah ya ba da lafiya, Mma."

"Amin. Su likitoci sai hoto ya faɗa musu. Ni na riga na sani."

Nas ta kira Awabu Mahama. Matar ta dafa gwiwa, sai a yunƙuri na uku ta miƙe. Da ƙofa ta rufe, ni ma na riƙe numfashi ina ƙirgawa. Na wuce talatin ban ji komai ba, sai kunya.