Takardar Shaho da Fuskar Yayana

Mun tashi da asuba daga Agadas, mu ashirin da wani abu a bayan buɗaɗɗiyar mota, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa tsakanin ƙafafu don kada gyangyaɗi ya jefar da shi. Ni dai ba neman kuɗi ya fitar da ni daga Damagaram ba. Saƙo ne ya zo cewa yayana, wanda ya shekara ashirin da biyar yana aikin gini a Sabha ta ƙasar Libiya, ciwon suga ya fara cinye masa yatsun ƙafa, kuma ya ƙi zuwa asibiti. 'Yan gida suka ce ni ne auta, ni ne mai sauran ƙarfi, in je in taho da shi tun ƙafar tana jikinsa.

Sana'ata sassaƙa hatimi ce, abin da mu a Nijar muke kira kashe. Makarantu, shaguna, kwamitin masallaci, duk na yi musu. Saboda haka ina da wata cuta: in aka miƙo mini takarda, ba rubutun nake fara dubawa ba, tambarin nake dubawa. Har wuƙar aikina na tafi da ita cikin jaka, ban san dalili ba.

Kwana uku muka yi kafin mu bar ƙasarmu. Dirku, Sigidin, Madama, sai rairayi da duwatsu baƙaƙe. Abincinmu garin kwaki da kifin gwangwani da dabino, ruwan jarka kuwa da rana sai ka ce an ɗora shi a murhu. A kowane shinge soja ya karɓi katina na ɗan ƙasa ya duba, ni kuma in duba hularsa. Tambarin ƙasarmu ne: rana a tsakiya, kan sa a ƙasa, zangarniyar gero, mashi da takubba. Na sassaƙa shi a zuciyata sau ba adadi, amma ban taɓa jin ƙaunarsa ba sai da na ga ana gab da rabuwa da shi.

Daga Tummo, bakin iyakar Libiya, abin ya canja. Can shinge sunansa bawaba, kuma kowace bawaba da nata iko. Wasu da kaki, wasu da jallabiya da bindiga a kafaɗa, tambarin hannun rigar wannan daban da na wancan. Na zuba ido in gane wace takarda ce ke buɗe hanya. Sai na lura direbanmu, wani Batube marar yawan magana, ba takarda yake fara nunawa ba. Rawaninsa yake saukewa, a ga fuskarsa, a gaisa, a tambayi wane da wane, sannan a ɗaga igiya. Wani abokin tafiya ya ce mini in daina kallon hannun rigar mutane haka, kada a ɗauka ƙidaya su nake. Na daina, amma da ƙyar.

A Gatrun na fara cin taliyar Libiya, wadda ake dafawa cikin miyar tumatir da barkono har ta yi kauri. Shayinsu baƙi ne mai kumfa, kofi na ƙarshe da soyayyar gyaɗa a ciki. Da na fara gani na ɗauka kuskure aka yi, gyaɗar wani ta faɗa. An sha gaya mana a gida cewa man fetur ya fi ruwa arha a Libiya. Wataƙila a bakin teku. A kudu dai na ga ana sayar da shi cikin jarka a gefen hanya, direba yana ciniki yana tsaki.

Muka shiga Sabha da hantsi. Gari ne shimfiɗaɗɗe, da tsohuwar ganuwa a kan tudu tana kallon kowa. Hausa kuwa ko'ina: ta Damagaram, ta Kano, da wata ta 'yan kasuwa wadda ba ta damu da namiji ko mace ba. Wani mai gyaran taya a unguwar Manshiya ya yi mini kwatancen Tayuri, unguwar bulo marar shafe da rufin kwano, inda yawancin mutanenmu suke.

Wari ne ya fara gaya mini ɗakin Yaya. Na same shi zaune, ya rame, ya naɗe fuskarsa da rawani har hanci kamar yadda aka ce ya saba. Da na kwance tsumman ƙafar, sai da na fita waje na share hawaye. A gefen katifa akwai kwalbar wani baƙin mai da wani tsoho ke sayarwa a unguwar, wai maganin da ya fi ƙarfin kowace cuta, daga ciwon kai har sammu. Wata huɗu Yaya yana shafawa. Na ce masa in dai wannan kwalba ce ke mulkin cututtuka, to talakawanta sun yi mata tawaye. Ya yi dariya, ita ce ta farko da na ji daga bakinsa.

Sannan ya gaya mini gaskiya. Ba asibiti yake tsoro ba, bawabar da ke tsakaninsa da asibiti yake tsoro. Katinsa na gida ya ɓata tun shekarun baya. Abin da ya rage masa takarda ɗaya ce cikin leda uku. Ya ciro ta da hannu biyu. Izinin zama ne na zamanin tsohuwar gwamnati, da shaho ya buɗe fukafukai a sama. Wallahi aikin ya yi kyau, gashin tsuntsun ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi shi gwani ne. Amma gwamnatin da ta buga shi ta tafi. Takardar da a da ɗan sanda ke gani ya sara, yau a wata bawabar tana iya jawo wa mutum tambayoyin da ba shi da amsarsu.

"Auta," in ji shi, "ba kai ne mai yin kashe ba? Yi mini sabo mana."

Ba zan ɓoye ba, na ciro wuƙar. Akwai tsohuwar taya a ƙofar ɗakin da zan iya yanko roba a jikinta, kuma rabin yini ya ishe ni. Na zauna ina juya ta a hannu, sai na tambaye shi: "Yaya, na wa zan yi? Wanda zai wuce da kai a bawabar farko, shi zai sa a tsare ka a ta biyu." Na mayar da wuƙar jaka, rabi don tsoron Allah, rabi don ban san wa ke da garin ba.

Washegari wani maƙwabcinsa mai tasi, wanda masu bawabar suka sani, ya kai mu ofishin da ke ba 'yan ƙasarmu takardar komawa gida. Ma'aikacin dattijo ne mai haƙuri. Ya ce mutane da yawa kan zo su ce su 'yan Nijar ne, dole ya tabbatar. Kati? Babu. Takardar haihuwa? Babu. Yaya ya buɗe baki, rabin maganarsa Larabci. Aka ce ya dangwala yatsa, sai tawada ta fito shafal, ba zane ko ɗaya. Siminti na shekara ashirin da biyar ya goge masa yatsu tas. Ya sake, ya sake, duk ɗaya. Katina ya nuna ni, amma bai nuna cewa wannan yayana ba ne. Ni kuwa na san ƙafar ba za ta jira wata guda ba.

Zafi da wahala suka sa Yaya ya sassauta rawaninsa don ya sha iska. Dattijon ya ɗago kai, ya ajiye alƙalami. Ga fuskar Yaya a fili: tsaga uku a kowane kunci, da ɗan bille a gefen hanci. Aikin wanzamin ƙauyenmu ne ranar suna. Ni ba a yi mini ba, lokacin da aka haife ni an daina. Yaya kuwa tun zuwansa Sabha yake rufe ta, don abokan aiki sun dame shi da tambayar ko kyanwa ce ta yakushe shi.

"Malam, wa ya yi maka wannan?" in ji dattijon. Yaya ya faɗi sunan ƙauyenmu. Dattijon ya ce mahaifiyarsa irinta gare ta, daga ƙauyen da ke gabas da mu. Ya tambayi ranar kasuwarmu, da sunan rijiyar bakin gari, da wanda ke limanci lokacin da Yaya ya baro gida. Yaya ya amsa duka, kuma abin mamaki, da Hausar gida tsantsa. Aka sa ni na sa hannu a matsayin shaida. Sai na ji ƙarar da na fi sani a duniya, hatimi ya sauka a kan takarda. Na leƙa: rana, gero, kan sa. Gefensa ɗaya ya ɗan cinye, da ni ne da na gyara shi, amma ban taɓa ganin wanda ya fi shi kyau ba.

Da takardar muka je wani ƙaramin asibiti, aka wanke ƙafar, aka ba shi allurai na kwana biyar, likita ya ce zai iya tafiya in a gaban mota zai zauna. Kwalbar baƙin man muka bar wa ɗakin. Dawowa ta fi zuwa tsawo, ko don ina juyawa kullum ina leƙa shi ta gilashi ne.

A Damagaram an cire masa yatsu biyu, ƙafar ta tsira. Na tafi ina ganin iko a cikin roba da tawada yake, na dawo na san hatimi ba ya aiki sai in akwai wanda ya yarda da shi a ɗaya gefen tebur. Takardar shaho tana rataye a shagona, Yaya ya ba ni. Shi kuma kullum da la'asar yana zaune a bencin ƙofar shagon, ƙafa a miƙe, rawani a kafaɗa. Tun da muka dawo bai sake rufe fuskarsa ba.