Inna Mai Wanka Ta Buɗe Baki

Inna Mai Wanka ake ce mata, don duk macen da ta rasu a unguwar, ita ake kira ta wanke gawar. A wurin mahaifiyarta ta gaji aikin, kuma abin da ta gani bayan labule, nan take barinsa.

Sai ta wanke matar wani direban babbar mota, yarinyar da ta sani da kumatunta, ta koma fata da ƙashi. Dangi suka ce aljanu ne. Direban ya sake aure, ta biyun ma Inna ce ta wanke ta, a ɗakin nan dai. Uwar mamaciyar ta riƙe hannunta tana kuka: "Ƙanjamau ne, Inna. Tun kan ta farkon likita ya gaya masa, ya ƙi komawa, ya ƙi faɗa."

Ran Inna ya ɓaci ƙwarai. Ta tafi asibiti, ta tsare wata nas da tambayoyi har ta fahimta. Ranar karatun matan aure a masallaci, ana rufe littattafai ta miƙe. Ta ce a yi gwajin ƙanjamau kafin aure, akwai magani, kuma cin abinci tare ba ya kawo cutar.

Malamin ya ɗaure fuska. "Inna, nan wurin karatu ne. Wannan ciwon mutanen banza ne."

"Mutanen banza? Ɗalibanka na wanke, Malam! Ta biyun a gabanka take zama, ba ta taɓa fashi ba."

Aka aiko ƙaninta ya ce ta daina zuwa. Ta ce to, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta. Mata suka riƙa shigowa da sunan gaisuwa, suna tambaya ƙasa-ƙasa ina ake gwajin.

Da ta ji direban na neman ta uku, ta yafa mayafi ta sami uban yarinyar. Ba ta tona asirin kowa ba, cewa kawai ta yi, "Ka sa su yi gwaji." Uban ya kore ta, amma uwar yarinyar ta kafe sai an yi gwajin. Direban ya ƙi, maganar auren ta mutu.

Yanzu wasu na kiranta mai raba aure, har sun daina aiko mata in an yi rasuwa. In an gaya mata, tsaki take yi, ta ci gaba da bayaninta.