Ƙaguwar Teku a Cikin Gishiri

Ana sallame sallar asuba muka bar Suleja, ni da ƙanwata da kawunmu mai motar. Ƙaguwa muka tafi nema, wallahi ba wasa nake ba. Yarinyar nan tana ajin ƙarshe a jami'a, an ba ta aikin tantance wata ƙaguwar teku mai idanu a kan dogayen tsinkaye. Malaminta ya ce in ba ta kawo ƙaguwoyin zangon nan ba sai ta maimaita shekara, Baba kuwa ya riga ya ce ƙarfinsa ya ƙare, ba zai iya biyan kuɗin wata shekara ba.

Kafin mu fita cunkoson Madalla rana ta fito. Daga Lakwaja zuwa gaba sai ramuka da shingaye, kowane shinge hannu a miƙe. A Benin muka kwana, muka ci shinkafar da tsadarta ta fi daɗinta.

Ƙauyen masuntan yana bayan Fatakwal, sai da kwalekwale. Ban taɓa ganin wuri mai ban tausayi haka ba: taɓo baƙi ƙirin da ɗanyen mai, itatuwa a tsaye a mace. Wani tsoho ya ce da can har tattaka ƙaguwar nan ake yi. Mu kuwa mun sha dama taɓo kafin ƙanwata ta samu 'yan kaɗan. Ta nuna min yadda ake rarrabe su, a gwada tsawon tsinken idon da faɗin ƙoƙon bayan, a duba ko idon ya wuce gefe. Ni dai duk ɗaya na gan su.

Ashe kwalbar sifirit ɗin da za ta jiƙa su a ciki don kada su lalace ta fashe tun a hanya. Masuntan suka ce ogogoro, wato barasarsu ta gargajiya, zai yi aikin. Nan Kawu ya murtuke fuska.

"Giya a motata? Motar da nake kai gawa maƙabarta? A'a 'yata, zuba musu gishiri, ai haka ake yi wa fata."

Ta roƙe shi har da kuka. Na sa baki, ya ce to mu nemi motar haya. Mu da ba mu da halin haka, muka zuba gishirin.

Da muka dawo ta buɗe bokitin a tsakar gida, wari ya kori kowa. Tsinkayen idon duk sun motse sun kakkarye, babu abin gwadawa. Ta daɗe a tsugune tana juya su ɗaya bayan ɗaya, Kawu ya sulale ya fita ba sallama. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Tafiyar nan ta koya min cewa mai ƙaunarka ma yana iya kassara ka, kuma da kyakkyawar niyya. Jiya na ga ta zuba littattafanta a kwali, ta tura ƙarƙashin gado.